Shekarar da Na Bar Yana a Gidana

Ranar Juma'ar da ta wuce, jikata Amal, 'yar wajen Nafisa, ta zauna kusa da ni tana cin dabino. Can sai ta ɗago kai ta tambaye ni da Hausarta ta 'yan Jidda, rabi Larabci, wai me ya sa matan unguwar Bani Malik suke ce mini Hajja Mai Yana. Kafin in buɗe baki uwarta ta riga ni, ta ce ai wata shekara ce Ummi ta gaji da shara. Na ce a'uzubillahi! Ni Rabi ce na gaji da shara? To, tunda abin ya kai 'yar da na haifa tana ba da labarin a karkace ina zaune, gara in faɗe shi yadda ya faru, ku da 'ya'yanku ku daina yi mini ƙage da raina.

Ku fara sanin wannan: a duk layinmu na Bani Malik babu macen da ta kai ni tsabta, kuma ba yabon kai ba ne, ku tambayi waɗanda suka rage. Mahaifiyata can Mai Wurno, a Sudan, da tsintsiya ta yi mini tarbiyya. Gidan da muka yi zaman haya a ciki irin na da ne, ɗakuna a jere da ɗan tsakar gida, wanda mutanen nan suke kira hosh. Kullum safiya sai na share shi na wanke, ranar Alhamis kuma in ɗaura tsintsiya a doguwar sanda in bi kusurwa-kusurwa ina kakkaɓe yana, in bi da maganin feshi. Gizo-gizon da ya shigo gidana ajalinsa ne ya kira shi. A hosh ɗin ina da zogale uku da na shuka da irin da na ƙullo a bakin zane daga gida. Ganyensu nake busarwa ina sayar wa matan Hausawa har daga unguwar Ruwais. Duk mai wannan sana'a ta san ba a barin zogale ya yi tsawo, da ya ɗaga sai a datse kansa don ya yi ta tofo, saboda haka nawa ba su taɓa yin fure ba.

Babanku kuwa kun san shi. Direban tankar ruwa ne, wayit kamar yadda ake cewa a nan, mutumin wani ƙauye kusa da Tasawa. Mutum ne mai surutu, in ya dawo aiki tun daga bakin ƙofa zai fara ba da labarin wanda ya tare masa hanya da wanda ya roƙe shi ƙarin ruwa. Sai Allah ya jarrabe shi da shanyewar ɓarin jiki. Muka yi ta zarya asibiti ana yi masa gashi, har likita ya ce ƙafar ta farfaɗo, za ta iya ɗaukarsa in ya so. Amma bai so ba. Kafilinsa, wato ubangidan da yake wa aiki, ya riga ya ɗauki wani direba, shi kuwa sai ya juya wa duniya baya. Ya daina magana sai e da a'a, abinci sai na yi da gaske, banɗaki sai mutum biyu sun riƙe shi. Masallacin da ke ƙarshen layi, wanda bai taɓa rasa sahun farko a cikinsa ba, ko kiran salla aka yi sai ya rufe ido. Likitan ya ja ni gefe ya ce in ba a samu abin da zai sa ya so tashi ba, to a kujerar nan zai ƙare. Wannan magana ta tsaya mini a rai, na ji tsoro ƙwarai.

To, garin jinya da zaryar asibiti, a shekarar na manta da zogalena. Suka yi ta tsawo har suka wuce katanga, da ɗan sanyin Jidda ya fara ja baya sai suka rufe da farin fure mai ƙamshi. Ni takaici ma nake ji, ina cewa da na samu sarari zan sare su. A lokacin nakan sa a fito da babanku hosh da safe ya sha iska, ko yana so ko ba ya so. Wata safiya ina wanke-wanke sai na ji murya a bayana, muryar da na daɗe ban ji ta fito da kanta ba.

"Sha-kauci."

Na juyo da sauri, kumfa a hannu. Na ce, "Alhaji, me ka ce?"

Bai dube ni ba. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna saman zogale.

"Sha-kauci ne, Rabi. Yaushe rabona da shi!"

Na duba na ga wani ɗan tsuntsu, in ka cire jelarsa bai wuce babban yatsana ba. Kansa da bayansa kore ne mai sheƙi, cikinsa rawaya, jelar kuwa gashi biyu ne dogaye sirara kamar tsinken tsintsiya. Yana ta tsalle daga wannan fure zuwa wancan, yana cusa ɗan lanƙwasasshen bakinsa. Ni ba tsuntsun ne ya dame ni ba. Komawa na yi kicin na rufe ƙofa na yi hamdala, hawaye na zuba.

Na ce a raina, wannan baƙo dole a karrama shi kada ya tafi. Duk Bahaushe kuwa ya san abincin tsuntsu. Washegari na aika aka sayo mini gero mai kyau, na zuba a faranti na ajiye ƙarƙashin zogale. Jama'a! Kafin hantsi duk tantabarun Bani Malik sun ji labari. Suka cika hosh, suka ɓata mini shanya da kashi, na fito da tsintsiya ina kora ina salati, shi kuwa baƙon ko kallon farantin bai yi ba. Sai na ji wani sauti kamar tari. Ashe babanku ne yake dariya, bakinsa a karkace, har da hawaye.

"Ke dai Rabi! Dubi bakinsa mana. Da wane bakin zai fasa gero? Wannan ba ci yake yi ba, sha yake yi."

Na ce, "To malamin tsuntsaye, tunda ka sani, sai ka koya mana."

Ai kuwa kamar na kunna rediyo. Maganar tana fita da ƙyar, amma tana fita. Ya ce suna yara suna kiwon awaki, a kan kauci suke ganinsa, tsiron nan mai jan fure da ke fitowa a jikin wata bishiya, shi ya sa ake ce masa sha-kauci. Ya ce harshensa dogo ne siriri, da shi yake zuƙo ruwan zaƙin da ke can cikin fure, in kuwa furen ya yi masa zurfi sai ya huda shi ta gindi ya sha abinsa. Ya ce ba ya zama inda babu fure, in na wannan bishiya ya ƙare sai ya nemi wata, kuma yana son tumfafiya da ƙaya-ƙayan jeji. Ranar har ya shanye kokonsa bai sani ba, don idonsa yana sama.

Da yamma Nafisa ta dawo daga aiki, ta ga tsuntsun ta yi tsalle.

"Ya Abuya, hada tannan! Na san shi, ga shi a waya."

Ta nuna masa wani ɗan tsuntsu na ƙasashen Amurka, wanda Larabawa ke kira tannan, yana tsaye cak a iska yana shan fure, fukafukansa ba a ma ganinsu don sauri. Babanku ya kalla ya taɓe baki.

"Wannan ba namu ba ne. Dubi yadda yake ci a tsaye kamar ana korarsa. Namu yana da tarbiyya, in ba dole ba zama yake yi a reshe ya sha."

"Amma Abuya, wannan har da baya yake tashi!"

"To sai me? Ni da nake shiga lungunan Ruwais da wayit da baya, wa ya sa ni a waya?"

Ba a daɗe ba sai ga matar tsuntsun ta bayyana, ita ba ta da ado, toka-toka ce da ɗan rawaya a ciki, ba ta da doguwar jela. Na ce wa babanku, ka gani ko, ko a tsuntsaye namiji ke yawo da kwalliya, mace na aiki. Gaskiyata kuwa, don ita ce ta fara gini. Saboda jinya na yi kwanaki ban ɗaga doguwar tsintsiya ba, yana ta ɗan taru a kusurwar hosh ta gabas. Sai muka ga tana zuwa tana figar yanar da baki, tana kai wa igiyar shanyata tana naɗawa. Ta kawo audugar tumfafiya, ta kawo busasshen ganye da zaren buhu, duk tana ɗaure su da yana. Sannu a hankali abu ya zama wata 'yar jaka mai reto, da ƙofa a gefe, har da ɗan rufi a saman ƙofar. Wanda bai sani ba zai ce tsumma ne iska ta kwaso. Babanku ya ce yana ita ce siminti a wurinsu, in babu ita babu sheƙa, kuma har bayan an gama sai an riƙa gyara. Tun asuba yanzu shi ke cewa a fito da shi.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga unguwar Safa. Yaron da ke neman Nafisa, wato baban Amal, iyayensa mata za su zo ganin yarinya da gida, abin da ake kira shofa. Kun san abin da wannan yake nufi. Ba fuskar yarinya kaɗai ake dubawa ba, ana duba kusurwar ɗaki da bayan ƙofa, don daga nan ake gane irin uwar da ta rene ta. Na tashi da ƙarfina, na ɗaura tsintsiya a sanda, na ɗauko maganin feshi, na wasa adda don zogale. Na nufi kusurwar gabas ke nan sai na ji muryar babanku.

"Rabi, bar mata."

Na ce, "Alhaji, surukai ne fa za su zo. Sheƙar zan bari, yanar kawai zan cire, in yi feshi."

"Ƙwan ya kusa fashewa. 'Ya'yan ba sa rayuwa da ruwan fure kaɗai, ƙananan ƙwari da gizo-gizo uwar take kamo musu. In kika fesa magani, me za su ci? In kika sare zogale, me iyayen za su sha?"

Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa:

"Tunda na kwanta ban roƙe ki komai ba."

Wallahi raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na tsaya da sanda a hannu ina duban yanar nan, ina tuna irin bakin matan Safa. Sannan na dubi mutumin da ke kujera. Watanni ina roƙon Allah ya sa ya so wani abu a duniya, ga shi yau ya so, ni kuma zan sa tsintsiya in share? Na jingine sandar. Na ce ɗakuna zan wanke su har su yi ƙyalli, amma hosh daga tsayin kaina zuwa sama na bar wa baƙinsa, ba shara, ba feshi, ba adda. Nafisa da ta ji ta fashe da kuka.

"Aib, ya Ummi! Me za su ce?"

Na kama hannunta na kai ta taga, na nuna mata ubanta yana ta yi wa tsuntsu magana shi kaɗai. Na ce ta tuna yadda yake watan da ya wuce. Ta daɗe tana kallo, ta share hanci, ta ce halas, wato shi ke nan, amma in auren ya lalace ni zan nemo mata wani mijin.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne Gwaggonku Asabe, yayar babanku da ke zaune a Ruwais, Allah ya jiƙanta. Mace ce mai kirki, amma ba ta tambaya kafin ta yi aiki. Ana gobe baƙi za su zo ta iso da sassafe don ta taya ni. A lokacin ƙwan ya fashe, 'ya'ya biyu suna ciki suna tsuwa, uwa da uba suna ta safarar ƙwari. Ni ina kicin ina suyar cincin, mai yana ƙara, ban ji shigowarta ba. Ta ajiye mayafi, ta ɗaga kai ta ga kusurwar gabas, ta ga abin da ke reto a igiya, ta yi salati. Ta ga sandata a jingine, tsintsiya a ɗaure, kamar ita take jira. Ni dai ihu na ji.

"Yaya! Kada ki taɓa!"

Na fito a guje da matsami a hannu. Abin da na gani har in mutu ba zan manta ba. Kujerar babanku babu kowa. Yana tsaye, ya dafa bango da hannu ɗaya, yana jan ƙafar nan da aka ce ta ƙi, ya riga ya ci rabin hosh. Gwaggo ta ɗaga sanda sama, ta daskare a haka, baki buɗe. Ya ƙarasa ya kama sandar ya riƙe gam, yana haki.

"Auta," in ji Gwaggo, don har ya yi furfura haka take kiransa, "kai ne a tsaye?"

"Ni ne. Saki sandar."

"A kan wannan tsumman ka tashi? Mu da muka yi ta roƙonka, har da kukana, ba ka tashi ba, sai tsumma?"

"Ba tsumma ba ne, gidan mutane ne. Akwai jarirai a ciki."

Gwaggo ta saki sanda ta zauna daɓas a ƙasa, tana kuka tana dariya tana zaginsa, duk a lokaci guda. Ni kuwa cincin ɗina ya ƙone ƙurmus, ban ma tuna da shi ba sai da hayaƙi ya fito. Ranar Gwaggo da kanta ta ce duk wanda ya taɓa yanar nan ita da shi ne.

Washegari baƙi suka zo, uwar yaro Hajiya Sa'adiyya da ƙannenta, ana ta ƙamshin turare. Kafin su kai ɗaki dole su ratsa hosh. Na ga idanunsu suna hawa bango, suna sauka kan igiya, suna haɗuwa da juna. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Babanku da ya kamata ya gaisa ya ba mata wuri, sai ya tsare su da bayanin abin da sha-kauci ke ci da abin da yake ba 'ya'yansa. Hajiya Sa'adiyya ta ce, "Masha Allah," irin masha Allah ɗin nan da ke fita ta hanci. Nafisa dai ta yi musu, aure bai fasa ba. Amma Hajiya ta aiko cewa taron mata na biki a gidanta za a yi, wai nasu ya fi fili. Kowa ya san ba fili ba ne. Bikin 'yata guda, na je shi kamar baƙuwa, kuma kafin a watse sunan Mai Yana ya zagaye Safa ya dawo Bani Malik. Masu sayen zogalena ma suka koma wurin wata, don bishiyar da ta yi fure da 'ya'ya ganyenta kaɗan ne. Abin ya yi mini zafi, na yi kukana a kicin ba sau ɗaya ba. Daga baya ni da Hajiya Sa'adiyya mun zama aminai, amma har yau in ta shigo gidana sai ta saci kallon sama.

'Yan tsuntsayen suka girma suka fita, furen zogale kuma ya fara ƙarewa, baƙin suka rage zuwa. Na ji tsoron kada babanku ya koma gidan jiya. Wata safiya sai ya ce in miƙo masa sandarsa, ya san inda suka koma, akwai tumfafiya a kangon da ke bayan masallaci. Na bi shi a baya ina addu'a, yana tafiya yana hutawa a jikin motocin mutane. Muka isa, ga su kuwa a kan furen tumfafiya, har da ƙananan. Ya daɗe yana kallonsu. Sai aka kira azahar.

"To," ya ce, "tunda na zo har nan, ai kunya ce in juya."

Ya cire takalmi ya shiga. Na tsaya a waje ina jin mutanen sahu suna ta kabbara da barka. Ranar ɗaurin auren Nafisa da ƙafarsa ya je, kuma bayan nan Allah ya ƙara masa shekaru masu albarka, ya ɗauki Amal a hannu, ya dawo da surutunsa har muna roƙonsa ya yi shiru. Duk shekarun nan zogale ɗaya nake datsewa, biyu na bar wa baƙinsa.

Bayan rasuwarsa kuka matsa mini na dawo wannan bene na Safa, inda babu hosh sai 'yar baranda. Na gode, akwai sanyi, akwai lif. Kun ga zogalen da na sa a babbar tukunya, kun yi ta tambaya me ya sa ba na tsinkar ganyensa. Kun ga kusurwar barandar ta sama, wadda ranar nan na kama matar yayanku ta ɗauko tsintsiya za ta yi mini gwaninta. Yanzu kun san dalili. Ku share ko'ina, ku wanke ko'ina, ku ci gaba da ce mini Mai Yana, na karɓi sunan hannu biyu. Har yau ban ga sha-kauci a Safa ba, amma kullum da safe nakan fito da kokona in zauna. In Allah ya kawo macen wata rana, ba za ta ce ta zo gidan Rabi ta rasa abin gini ba.